Wankan Jego a Kan Dutsen Taurari

Tun da muka dawo Gummi ban ci abinci da zafinsa ba. Duk wadda ta shigo gidanmu sai ta ce Saratu ba mu labari, yaya jirgi, yaya ƙasar, wai da gaske ne Yaya Luba kallon taurari ne aikinta. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a bakin rijiya, na faɗa wa 'yan ajinmu na sakandare har muryata ta dushe. To ga shi na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni a ƙyale ni in huta.

Yaya Luba ita ce 'yar farin Innarmu. Ta yi kimiyya a jami'a, ta auri Malam Sanusi likitan dabbobi, suka tafi Afirka ta Kudu, kowa yana ƙaro karatunsa. A can ta haihu, haihuwar fari, namiji. Da a gida take, tun cikin ya tsufa da an kawo ta wankan gida. Tunda ba ta zo ba, Inna ta ce wankan zai je ya same ta.

Mu uku aka yi wa takardun tafiya. Gwaggo Hajo ta Nasarawa Burkullu ita ce mai wanka, domin Inna tana kunyar 'yar fari, ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce waccan, kuma ba ta yi mata magana kai tsaye in akwai wanda za a aika. Inna za ta je ganin jika. Ni kuwa an ɗauke ni ne don Turanci. Muka bi hanyar burji muka je ɗaukar Gwaggo, muka same ta a zaune ta miƙe ƙafa tana sussukar irin gero. Ta ce ta yi tunani. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba mai hankalin da zai bar gona yanzu ya shiga abin da ba ya taɓa ƙasa. Inna ta lallashe ta, ni na yi mata faɗa, ta dube ni ta ce bakina zai hana ni miji. Ta ɗaure mana damin ganyen runhu da ƙullin kanwa, ta raka mu bakin mota tana ta yi mana addu'a kamar ba ita ta watsa mana shiri ba. Haka wanka ya faɗo kaina, ni da ko aure ban yi ba.

Motarmu ta mutu kafin Anka. Direban ya ce ba mutuwa ta yi ba, hutawa take. Muka tura ta tare da wasu masu zuwa haƙar zinariya, ɗayansu da ya ji inda za mu ya roƙe ni in tambayo masa ko a can ana ɗaukar ma'aikata. Daga Gusau muka shiga doguwar mota zuwa Legas. Inna ta ƙi shan ruwa tun daga tasha don kada fitsari ya kama ta a hanya, ta isa Agege gidan wani ɗan ƙanenta mai sayar da shanu leɓenta duk ya bushe. Jirgi kuma ba abin da zan ce muku sai dai kujerarsa ta fi ta motar Anka matsi. An kawo abinci a 'yan kwanoni kamar na wasan yara. Inna ta buɗe, ta shinshina, ta rufe, ta ciro ƙuli-ƙuli daga bakin zanenta. Da ta shiga banɗaki ta danna abin ruwa ya yi ƙara, sai ta fito da gudu tana salati, ta ce ƙasan jirgin ya ɓule.

A filin jirginsu aka sako wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa yana bin kayan mutane. Ya wuce akwatunan kowa ya zo ya zauna a gaban jakar Inna. Aka zazzage ta a kan tebur. Daddawa, kilishi, ganyen runhu, duk suka kwashe, wai ba a shiga ƙasarsu da ganye ko nama. Kanwa ce ta fi ba su wahala. Ma'aikacin ya juya ta, ya kira wani, wancan ya kira wata. Na ce gishirin kunu ne. Ya ce dutse ne. Na karɓa na gutsura na tauna a gabansa, bakina ya yi ta zuba yawu, sannan ya bar mana ita. Inna ba ta damu da kilishin ba. Abin da ya dame ta har muka hau mota shi ne kare ya sa hanci a jakar da sallayarta take ciki.

Mun baro gida ana zafin bazara, mun tarar da su a cikin hunturu. Wannan ba wanda ya gaya mana. Gidan Yaya a saman bene yake a wani birni na bakin teku, ɗaki biyu da falo, ba tsakar gida, ba murhu, ba inda za ka zubar da ruwa sai rami ɗaya a banɗaki. Inna ta karɓi jaririn ta daɗe tana kallonsa. Ba ta dubi Yaya ba, ta ce da ni, "Ki ce ma waccan ta rame." Yaya tana tsaye a gabanta. Na juya na ce wa Yaya ta rame. Daga ranar na zama waya tsakanin mutum biyu da suke ɗaki ɗaya.

Famfonsu yana kawo ruwan zafi, amma Inna ta ce ruwan da ba ta ga tafasarsa da idonta ba ba ruwan jego ba ne. Muka jera tukwane a kan risho na lantarki, muka haɗa da butar shayi da tukunyar dafa shinkafa, wutar benen gaba ɗaya ta ɗauke. Wani tsoho maƙwabcinsu ya zo ƙofa rungume da kyanwa yana tambaya ko lafiya. Ganye kuma sai na bishiyar turare da nake karyowa a bakin titi mutane suna kallona. Safe da yamma ina fyaɗa wa Yaya ruwa tana cije haƙori, Inna tana bayan ƙofa tana cewa ban kai bayan ba, ban kai ƙugu ba. Su matan can kuwa za ka ga mace da jaririn da bai yi sati ba tana tura shi a keke cikin kanti, kanta ba ɗankwali, tana shan abin sanyi. Inna ta ga ɗaya ta taga ta ce wannan ba ta da uwa.

Ana cikin haka Malam Sanusi ya kira ni gefe, yana sosa ƙeya, ya ce akwai maganar da suke so in kai wa Inna. Yaya za ta tafi wani dutse mai nisa inda madubin hangen taurari yake. Tun kafin cikinta ya fito aka ba ta darare uku, kuma mutane daga ƙasashe da yawa suke layin madubin. Tauraron da take bi ya kusa daina fitowa da dare sai baɗi, wa'adin karatunta kuma zai ƙare kafin baɗin. In ta rasa waɗannan darare, shekarun da ta yi sun tafi, za ta dawo gida ba digiri. Matsalar ita ce ba ta yi arba'in ba.

Na tambayi Yaya wane irin tauraro ne wannan da ba zai jira mai jego ba. Ta gyara zama, fuskarta ta yi haske, na san na jawo wa kaina. Ta ce gawar tauraro ce. Wani ƙaton tauraro ne ya fashe, abin da ya rage ya dunƙule ya zama ɗan ƙarami mai nauyin tsiya, yana juyawa da sauri yana aiko da sauti a rediyo kamar bugun zuciya. Abin mamaki sai aka gano duniyoyi suna kewaya shi, alhali fashewar ya kamata ta share komai. Ana zaton daga ɓurɓushin da ya rage suka haɗu. In haka ne, wataƙila akwai sauran ƙura a wurin. Ido ba zai gan ta ba, amma in tana nan za ta ɗan yi ɗumi, kuma akwai kyamarar da ɗumi take gani ba haske ba. Na ce wato kin bar ɗanki da wankanki za ki je neman ƙurar da ba ki tabbatar tana nan ba. Ta ce ƙwarai kuwa, kin gane.

Na taƙaita wa Inna, na ce waccan za ta je dutse kallon tauraro da dare. Inna ta ce ba ta zuwa ko'ina. Yaya ta ce za ta. Na yi ta kai da kawowa tsakanin falo da ɗaki har na ce su biyun su nemi wani ɗan aike. A ƙarshe Inna ta ɗaure kanwarta ta ce in dai sai an je, ƙafarta ƙafar waccan.

Malam Sanusi ya kai mu a mota ya juya saboda aikinsa. Tafiyar wuni ce cikin fili, ba gari ba bishiya, sai tumaki. A kan dutsen akwai fararen gine-gine masu ƙubba, Inna ta ce ashe suna da masallatai, na ce ba masallatai ba ne. Malamar Yaya ta tarbe mu, wata tsohuwar Baturiya mai gajeren gashi da wando, kowa yana ce mata Farfesa. Ita ta roƙa aka ba mu wani ɗan gida a ƙasan gangare saboda jaririn. Mutanen dutsen barci suke yi da rana, su karya kumallo da la'asar. In rana ta faɗi a ja labule, ba a kunna fitila a waje, mota ma a duhu take lallaɓawa. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, ba mai tambayar gida ko gajiya. Abincinsu tuwon masara ne ba miya, da ganye ɗanye mai sanyi, amma naman ragonsu ko Inna ta yaba, bayan mai dafa abincin, wata musulma 'yar ƙasar, ta yi mata sallama ta tabbatar mata yanka ne.

Da yamma muka ga wani ma'aikaci yana tura wani tanki da ke ta tururi. Inna ta ce ga ruwan zafi nan suna da shi suke yi mana rowa, ta nufe shi da kofi. Mutumin ya tare ta da hannu biyu. Ya karɓi ganyen turare ɗaya a hannuna ya tsoma, ya fito da shi ya matse, ya ruguje kamar ƙwai. Ashe sanyi ne yake tururi. Da shi ake sanyaya kyamarar, don in ita kanta tana da ɗumi ba za ta ga na sama ba. Inna ta ja da baya, na ga fuskarta ta sauya.

Daren farko gajimare ya rufe sama, ba wanda ya hau. Yaya ta zauna a bakin taga kamar an yi mata mutuwa. Inna ta ce alhamdu lillahi a fili.

Washegari sama ta washe. A jikin ƙofar gidanmu akwai allo da aka rubuta an hana hura wuta ko'ina a kan dutsen, na karanta wa Inna tun ranar da muka zo, na maimaita. Gab da magariba na tafi ɗakin abinci karɓo mana tuwo, Yaya tana ciki tana shayarwa. Ina fitowa na hango hayaƙi a bayan gidanmu. Inna ta aro babbar tukunya a wurin mai dafa abinci, ta kafa duwatsun murhu, ta farfasa wani akwatin katako ta haɗa da busassun ciyayi. Iska kuma ta kwashi hayaƙin da tartsatsin ta yi sama da su, kai tsaye wajen ƙubbobin da aka fara buɗewa. Na ga rufinsu yana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ciyawar gefen murhun ta kama. Maza suka sauko a guje da jajayen tulunan kashe gobara, suka feshe ciyawar da murhun da tukunyar, har da zanen Inna ya yi fari fat. Ita kuwa tana tsaye da muciya a hannu tana ce mini in gaya musu ruwan ya kusa tafasa.

Ba a buɗe ko ƙubba ɗaya ba a daren, sai da aka duba ko toka ta sauka a kan madubai. Ba Yaya kaɗai ta yi asara ba, har da wasu da suka zo daga wata ƙasa. Shugaban wurin ya ce da safe mu sauka dukanmu. Farfesa ta bi shi ofis, ta daɗe, ta fito ta ce ya bar mana dare na ƙarshe, amma ko ashana aka ƙyasta shi ke nan.

Da safe na tarar da Yaya tana kuka a ɗaki, Inna ta juya wa ƙofa baya a falo, ta ce in ce wa waccan yau ba inda za ta, tunda an hana ta ruwan kirki. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce Inna ni na gaji da aike, ki faɗa mini abin da kike tsoro. Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Ƙanwata Asabe kwana goma sha biyu ta yi da haihuwa ta fita ɗibar ruwa da asuba. Sanyi ya shige ta, ta kumbura, munka rufe ta kafin arba'in. Yanzu ku ce in bar wagga ta hau saman soro ta kwana tsaye cikin iska, ido cikin bututu, ga tankin ƙanƙara kusa da ita?"

Na ce wane soro? Na shiga na tambayi Yaya a ina take tsayawa in tana aikin. Ta share hawaye ta ce ba tsayawa take ba, a ɗaki take zama gaban kwamfuta, madubin yana can sama shi kaɗai, ba mai zuwa kusa da shi don ɗumin jikin mutum ma ɓata hoton yake. Na tsaya ina kallonta. Mace ta yi mini bayanin gawar tauraro da duniyoyinsa tun daga farko har ƙarshe, amma ba ta taɓa cewa a ɗaki ake zama ba. Ta ce ai ta ɗauka kowa ya sani. Na ce a gidan wa za mu sani, a Gummi?

Na kama hannun Inna, abin da ban taɓa yi ba, na ja ta muka hau gangaren tana cewa in sake ta. Farfesa ta buɗe mana ɗakin. Ɗan ƙarami ne, ba taga, da darduma a ƙasa, da kujeru masu laushi, da na'urar ɗumama ɗaki tana ta aiki. Ya fi ɗakin da muke kwana ɗumi nesa ba kusa ba. Inna ta ɗora tafin hannu a kan na'urar ta janye da sauri. Ta zagaya bango tana shafawa. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ji iska tana shigowa ta ƙasa, ta kwance mayafinta ta cusa a wurin. Ta miƙe ta ce, "Ki ce ma waccan ta sa safa biyu. Kuma nan zan zauna."

Haka aka yi. Bayan magariba muka shiga mu uku da jaririn da fulas ɗin kunun kanwa. Na ɗauka zan ga wani abu. Allon kwamfuta ne baƙi da ɗige-ɗige, Yaya tana danna abu tana jira, ta sake dannawa ta sake jira. Ta nuna mini wani ɗan fili tsakanin ɗigo biyu ta ce nan tauraron yake. Na ce ba komai a wurin. Ta ce shi ba ya fitowa a wannan kyamarar, ƙurar ce za ta fito in tana nan. Inna tana miƙa mini kofin kunu ina miƙa wa Yaya, in jaririn ya motsa ta miƙo mini shi in miƙa. Da tauraron ya faɗi Yaya ta ci gaba da auna wasu taurarin don gwaji, ni barci ya kwashe ni a kan darduma.

Da asuba Inna ta tashe ni ta ce in je in haɗa ruwa. Na sauka ɗakin abinci, mai dafa abincin ta taimake ni muka tafasa a kan gas, na yi ta jigilar bokiti zuwa gidanmu hannuna yana daskarewa, na cika baho, na jera ganye, na sake hawa gangaren in kira su. Na tarar Farfesa ta zo, ita da Yaya sun haɗa kai a kan allon. Na tambaya an ga ƙurar? Yaya ta ce ba a gani ba, tana murmushi har kunne. Na ce to murnar me kike? Ta ce hotunan sun fito tsaf, yanzu za ta iya cewa in ma akwai ƙura a wurin ba ta kai kaza ba, kuma wannan shi ne abin da za ta rubuta. Farfesa ta ce ya isa digiri. Na ce wato tun daga Gummi, da kare, da gobara, mun zo ne mu tabbatar ba komai. Farfesa ta sa aka fassara mata, ta yi dariya ta ce yawancin aikinsu haka yake. Ni ban ga abin dariya ba, har yau kuma ban gani ba.

Farfesa ta fita. Na juya in ce wa Yaya ta taso ruwa yana hucewa, sai na ga ta kifa kai a kan tebur, hannunta ɗaya a kan madannan kwamfuta, barci ya ɗauke ta. Na matsa zan taɓa ta. Inna ta riƙe mini hannu.

Na ce Inna ruwan fa, bokiti nawa na ɗauka, in ya huce ba mai sake tafasa wani.

Ta gyara wa jaririn kwanciya a cinyarta, ta ce, "Bar ta. Shi huce."